Idan zawo ya dawo wa mai ciwon kumburin hanji: a gwada bayan gida kafin a taɓa magani

Mutumin da likita ya tabbatar masa da ciwon kumburin hanji mai daɗewa, duk ranar da cikinsa ya murɗa ya fara zaryar bayan gida, abu ɗaya ne yake faɗo wa kowa a gidan: ciwon nan ne ya sake tashi. Sai a lalubo ragowar maganin da aka sha wancan karon, ko a aiki yaro kemis da kwalin da ya ƙare. Wannan gaggawar ce nake so a rage. Sau da dama ba tsohon ciwon ne ya motsa don kansa ba, wata ƙwayar cuta ce ta biyo ruwa ko abinci ta sauka a hanjin da dama can yake da rauni. A ido duk ɗaya ne, jini da majina da murɗa, amma maganin da ke kwantar da wancan shi ne zai iya buɗe wa wannan hanya.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Haɗeja, ba likita ba ce. Ƙanwata ce ke ɗauke da ciwon tun bayan haihuwarta ta fari, kuma ni ce 'yar rakiyarta zuwa Kano wajen likitan hanji, ni ce mai ajiye mata kati da takardun gwaji. Abin da zan faɗa shi ne tsarin da muke bi a gidanmu bisa koyarwar likitocinta. Ba zai tsaya a madadin ganin likita ba, amma zai sa ku isa gabansa da wuri, da abin da yake buƙata a hannunku.

Ciwon manyan iri biyu ne. Akwai gyambon babban hanji, wanda za ku ga an rubuta UC a katin mara lafiya. Daga dubura yake farawa ya hau sama, yana zagwanye fatar cikin hanji. Akwai kuma cutar Crohn, mai sunan likitan Amurka Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932, wadda kan iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. A dukkansu garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana yaƙar hanjinsa. Ba a ɗauka daga wani, ba a shafa wa wani. Na nanata wannan domin na ga matan da aka ware wa kwano da moda a gidan miji ba gaira ba dalili. Ba basir ba ne kuma, duk da cewa a ƙauyukanmu kowane jinin da ya fito ta ƙasa a kan basir ake ɗora shi, har a ɓata shekaru ana shan jiƙo.

Dalilin da ƙwayar cuta ta fi yi musu illa

Lafiyayyen hanji yana da shafen majina da fata mai ƙarfi a ciki, ga ɗimbin bakteriya masu amfani da ke zaune a wurin suna hana baƙi samun matsuguni. Hanjin mai wannan ciwon kuwa kamar katangar ƙasa ce da yaɓenta ya zube: ruwan saman da zai zame a jikin ta maƙwabta ya wuce, ita cikinta yake ratsawa. Sannan magungunan da ke kwantar da ciwon, irin su firednisolon da azatayofirin da allurar infiliksimab, aikinsu sassauta garkuwar jiki ne. Sun hana ta cin hanji, sun kuma rage mata ƙarfin tare ƙwayar cuta. Ga shi waɗannan bayin Allah suna yawan kwanciya asibiti da shan kafson kashe ƙwayoyin cuta, kuma kowane zagaye na kafso yana share masu amfanin tare da masu cutarwa.

Saboda haka zawon da lafiyayye zai yi na kwana biyu ko uku ya miƙe, shi yakan iya tayar masa da ciwon da ya daɗe a kwance, ya kai shi gadon asibiti, wani lokaci har ɗakin tiyata.

An taɓa yin bikin 'yar ƙanin Baba, aka ci shinkafa da salak, aka sha zoɓo mai ƙanƙara. Kwana biyu bayan nan mutum uku a gidan ƙanwata suka kama zawo da zazzaɓi, har da ita. Sauran biyun ruwan gishiri da sukari ya ishe su. Ita kuwa jini ya ɓalle mata. Maigidanta ya ɗauko firednisolon zai ba ta kamar yadda aka taɓa rubuta mata, sai ta ce a kira ni tukuna. "Yaya," in ji ta, "wannan ba irin nawa na kullum ba ne. Nawa lallaɓowa yake yi, wannan kuwa dare ɗaya ya kayar da ni, ga sanyi har cikin ƙashi." Muka wuce asibiti ba ta haɗiyi komai ba. Aka ɗauki bayan gida da jini, aka sa mata ƙarin ruwa. Gwajin ya nuna Shigela, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo atini. Likita ya ba ta maganin da ya dace da ƙwayar, ya bar ta a kan mesalazin ɗinta, maganin kwantar da kumburin hanjin da take sha kullum, bai ƙara mata firednisolon ba. Duk da haka sai da ta kwashe makonni kafin cikinta ya daidaita, lokacin waɗancan biyun sun ma manta sun yi ciwo.

Ranar farko

Ku sayi littafin makaranta mai rahusa ku ajiye shi don wannan kaɗai. Da zarar ciki ya canza a fara rubutawa: sau nawa aka zaga daga asuba zuwa asuba, sau nawa ne cikin dare, da jini ko babu, ruwa ne tsululu ko da ɗan kauri, akwai amai ko babu. Idan mara lafiya ba ya rubutu, ya riƙa jefa ƙwayar wake a gwangwani duk fitar da ya yi, da safe a ƙirga. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada a kemis, a auna safe da yamma. Bugun zuciya kuma a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga na minti ɗaya da agogon waya.

A ƙasan shafin a amsa tambayoyin da likita zai yi tun ba a manta ba. Akwai mai zawo a gidan ko a unguwa? An ci abincin biki ko na kasuwa, ko an sha ruwan da ba a saba ba? An sha kafso ko an yi allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin wata ukun da suka wuce, ko da don haƙori ne ko maruru ko bayan haihuwa? An kwanta asibiti? An sha maganin ciwon jiki? Maganin hanjin ya yanke na wasu kwanaki saboda babu? Wannan ta ƙarshen a faɗi gaskiya, ba abin kunya ba ne. Mesalazin yana da tsada, likitan ma ya sani.

Ciwon da ya zo farat ɗaya, da amai, da zazzaɓi mai zafi tun farko, ga wasu a gida suna irinsa, ya fi nuna ƙwayar cuta. Wanda ya zo a hankali bayan magani ya yanke ya fi kama da tashin tsohon ciwon. Amma alamu ne kawai. Babu likitan da zai yanke hukunci a kansu ba gwaji, kuma sau da yawa biyun tare ake samunsu.

Akwai lokacin da ba a tsayawa lissafi. Wasu likitoci biyu a Ingila, Truelove da Witts, sun fitar da ma'auni a 1955 da har yau ake aiki da shi. Idan mai UC ya yi bayan gida mai jini sau 6 ko fiye a rana, sannan bugun zuciyarsa ya haura 90 a minti, ko zafin jikinsa ya wuce 37.8, ko aka ga yana da ƙarancin jini, ko gwajin jini ya nuna kumburi ya yi yawa, to ciwon ya kai mai tsanani. Wannan kwanciya ce a babban asibiti, ba irin namu na sha-ka-tafi ba. Bugun zuciya da zafin jiki a gida ma za ku iya aunawa. Haka nan idan ciki ya kumbura ya yi tauri ba ya son taɓi, ko zawon ya tsaya cak alhali ciwon na ƙaruwa, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri na kayar da mutum in ya miƙe. A nemi mota a daren, kada a ce sai ranar kasuwa.

Ku kuma sani firednisolon yana ɓoye zazzaɓi da zafin ciki, don haka mai shan sa zai iya zama cikin haɗari jikinsa da sanyi. Mai shan azatayofirin in ya yi zazzaɓi, a duba yawan fararen ƙwayoyin jininsa a ranar. Da damina za a yi gwajin maleriya, daidai ne, amma ko ta fito, a dai gwada bayan gida.

Abin da za a ba shi, da abin da za a ɗauke daga gabansa

Ruwa ne farko. A kaɗa ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ko ledar fiya wata biyu masu rabin lita. Idan babu ƙullin, cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko yana amai, abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Kada a hana shi abinci: koko, kunu, tuwo mai laushi da miya marar yaji. In azumi ne a ajiye, addini ya yi wa mara lafiya rangwame, a rama in an warke.

Mesalazin a ci gaba da sha. Firednisolon, in dama ya yi makonni a kansa, kada a yanke shi dare ɗaya, yankewar kanta haɗari ce. Kada kuma a ƙara, kada wanda ya daina ya koma da kansa. Azatayofirin da allurar infiliksimab likita ne zai ce a ci gaba ko a dakata, shi ya sa lambar wayar asibitin da ke duba shi ya kamata ta kasance a shafin farko na littafin.

Abubuwan da za a ɗauke sun fi yawa. Maganin tsayar da zawo, wanda aka fi sani da Imodium, ba a ba mai kashin jini da zazzaɓi, domin yana tsayar da motsin hanji, dafin ya taru, babban hanji ya buɗe ya kumbura har ya iya fashewa. Wankin ciki da filasko ko wani sassaƙe, da sunan a fitar da dattin, ƙara wa hanji rauni ne da ƙarar da ruwan jiki. Magungunan ciwon jiki da manomanmu ke sha bayan sun dawo daga gona, daikulofenak da aibufurofen da Feldene da haɗin da ake ƙullawa a leda, suna iya tayar da ciwon. In dole ne a sha farasitamol.

Sai kafso, kuma nan na fi jin ciwon abin. Da wuya mai zawo ya iso wurinmu bai riga ya sha Flagyl ba, ko Septrin, ko Ampiclox, ko kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa. Ga mai kumburin hanji illar ta ninka. Kafson yana dusashe ƙwayar yadda gwajin ba zai kama ta ba, alhali bai kashe ta ba, domin da yawansu sun riga sun saba da waɗannan magungunan. Akwai wani nau'in bakteriyar E. coli mai kawo kashin jini da shan kafso a kansa ke iya ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. Septrin in ya haɗu da azatayofirin ko metotireksat, wanda shi ma maganin sassauta garkuwa ne, yana iya durƙusar da ɓargon da ke ƙera jini. Kuma kafso shi ne ke share fili wa ƙwayar da ta fi duka haɗari gare su, wadda zan yi bayaninta a gaba. Mai kemis ba mugu ba ne, taimako yake nufi, amma bai san abin da ke katin ba. Ku nuna masa, ku ce likita ya hana.

Yadda ake ba da bayan gida don gwaji

Ya fi kyau a bayar a can asibitin, ba a ɗauko daga ƙauye a bayan babur cikin rana ba. Wasu ƙwayoyin ba sa jure jira, musamman amiba, wadda sai bayan gidan yana da ɗuminsa ake ganinta tana motsi. A karɓi robar leb, wato ɗakin gwaji, mai ɗan cokali a murfi. A yi a cikin busasshen fo mai tsabta ko a kan sabuwar leda, kada ya taɓa ƙasa, kada ya haɗu da fitsari ko ruwan buta. A ɗebo daga inda jini da majina suka fi yawa, kaɗan ya isa. A rufe, a rubuta suna da lokaci, a miƙa nan take, a wanke hannu da sabulu. Mata da yawa kunya ke hana su, har su ce ba ya zuwa. Ku tura musu mace 'yar'uwa ta tsaya a ƙofa, mazan su ba da wuri.

Gwaji iri biyu aka saba yi: a duba da madubin leb don tsutsa da ƙwai da amiba, wannan a ranar yake fitowa, sannan a shuka shi a ga bakteriyar da za ta tsiro da maganin da ke kashe ta, wannan yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. A nan ake kama Shigela da Salmonela. Idan ana zargin taifot, shuka jini shi ne gwajin ƙwarai. Gwajin Widal da ake yi ko'ina yana yawan nuna taifot ga wanda ba shi da ita, daga nan a jera masa allurai da kafso da bai buƙata.

In ciwon ya kai mai tsanani, likita ba zai naɗe hannu yana jiran sakamako ba. Zai iya fara maganin kwantar da kumburi ta jijiya da zarar an ɗauki gwajin, ya haɗa da abin da zai tare ƙwayar da yake zargi. Wannan ba saɓa wa abin da na faɗa ba ne: a asibiti ne, an riga an ɗauki bayan gida, ana auna shi dare da rana.

Ƙwayar da kafso ke buɗe wa ƙofa

Sunanta Clostridioides difficile, likitoci na taƙaita shi C. diff. Tana yaɗuwa idan kafso ya kashe bakteriya masu amfani, sai ta hayayyafa ta riƙa fitar da dafin da ke ƙona babban hanji. Magungunan da suka fi jawo ta sun haɗa da kilindamaisin, da dangin sifurofuloksasin, da allurar seftirayakzon da ake yawan yi wa masu zazzaɓi. Maganin olsa irin omefirazol, in an daɗe ana sha ba dalili, shi ma an danganta shi da ita. Mai kumburin hanji, musamman mai UC, yana iya kamuwa da ita ko bai sha kafso ba, ko bai kwanta asibiti ba. Kuma an tabbatar waɗanda suka haɗa biyun sun fi daɗewa a gadon asibiti, sun fi kaiwa ga a yanke babban hanji, sun fi fuskantar rasa rai.

Shukar bayan gida ta yau da kullum ba ta nuna ta. Gwaji ne daban na neman dafinta, a kan bayan gida mai ruwa, kuma ba kowane leb ke yi ba. Ku buɗe baki ku tambaya: "Likita, an duba C. diff?" Ba rashin ladabi ba ne. Maganin da aka fi amincewa da shi ga masu kumburin hanji shi ne bankomaisin na sha, miligiram 125 sau huɗu a rana har kwana 10, ko fidaksomaisin inda ake samunsa. Bankomaisin ta jijiya ba ya isa cikin hanji, don haka ba ya aiki a kanta. Inda babu na haɗiya, masu harhaɗa magani a asibiti kan haɗa na kwalbar allura a sha ta baki. Flagyl kaɗai ba shi ne zaɓin farko ba ga waɗannan marasa lafiya.

A gida kuma, ƙwayar tana da ƙwanso mai tauri da man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashewa. Sabulu da ruwa mai gudu ne ke wanke ta daga hannu. Bakin masai da fo da buta a wanke su da bilic irin Hypo ko Jik, kashi ɗaya a kashi tara na ruwa, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki.

Akwai wasu masu shigar burtu da dole a ambata, ko da ba duka ne bakteriya ba. Amiba tana kawo kashin jini sak irin na UC, kuma in aka ba mai ita firednisolon ba a kashe ta ba, tana iya huda hanji. Masu aikin shinkafa a fadamun Haɗeja da Auyo, ko a Kura da Kadawa, su faɗa wa likita suna shiga ruwa, domin tsutsar tsargiya tana da nau'in da ke kama hanji. Tibi kuma ba huhu kaɗai take kamawa ba. Ta hanji tana kama da cutar Crohn ƙwarai har a hoton na'ura, ga shi infiliksimab na iya tayar da tibi da ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki, shi ya sa ake binciken su kafin a fara shi. Maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Tsare hanya tun daga randa

A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya bisa ƙididdigar waɗanda aka yi zargin sun kamu, ya kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Shekarar da ta biyo, 2022, ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a Jigawa. Duk wanda ya ga ruwa ya shafe masai ya gangara rijiya ya san daga inda zawon damina yake fitowa.

Mun saya wa ƙanwata bokiti mai murfi da famfo a gindi. Kullum da safe, in an sauke koko, sai a ɗora tukunyar ruwanta a kan ragowar wutar, ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya cur, ya huce a rufe, a juye. Ba a tsoma moda a ciki, ba hannun yaro. Da farko Inna ba ta so ba. "Yanzu ruwan randar da na raine ku da shi ne ya zama abin gudu?" Na ce, "Inna, randarki ba ta da laifi, hannu goma ne ke shiga cikinta a yini." Yanzu ita ce ke tuna wa jikoki kada su taɓa bokitin. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwan da ya yi garau da alif sai an tafasa shi ko an sa masa sinadarin kulorin irin WaterGuard bisa ma'aunin da ke jikin robar. Ruwan burtsatse ya fi na buɗaɗɗiyar rijiya, amma jarkar da aka ɗebo shi tana iya ɓata shi.

Bayan tsarki a wanke hannu da sabulu, ba ɗauraya da ruwan buta kaɗai ba. A ajiye sabulu a gwangwani a ƙofar banɗaki, in babu a yi da toka. Kwanon wanke hannu guda da kowa ke tsomawa kafin cin tuwo, a daina: ɗaya ya zuba wa ɗaya da buta. Mai wanke wa jariri kashi ita ma ta wanke hannu kafin ta taɓa abinci.

Abinci, a ci shi da zafinsa. Ɗumame ya yi zafi har tsakiya, ba ɗumi-ɗumi ba. Tsire da balangu a sa mai nama ya mayar kan wuta a gabanku. Salak, da yankakken kankana ko gwanda na talla, da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, mai shan maganin sassauta garkuwa ya haƙura da su. 'Ya'yan itacen da zai ɓare da hannunsa, lemo da ayaba, ba laifi. Ƙwai a dafa shi ya yi tauri. Kaji suna ɗauke da Salmonela da Kamfilobakta a kashinsu ba tare da sun nuna ciwo ba, don haka a raba su da madafa da wurin shanya kwanuka, wuƙar da aka gyara kaza da ita kuma a wanke ta kafin ta taɓa albasa.

Fura da nono ita ce ta fi wuyar bari, kuma ban ce a bari ba. Madarar da ba a tafasa ba ce matsalar, da ruwan da ake ƙarawa wajen damu. Muna sayen madara sabuwar tatsa, mu tafasa, mu kwantar da kindirmonmu a gida, a dama da ruwan bokitinta. In nono na ƙara wa mutum zawo lokacin da ciwon ya tashi, ya dakata har ya lafa.

Game da rigakafi, mai shan azatayofirin ko infiliksimab ko firednisolon mai yawa ba a yi masa rigakafi mai rayayyar ƙwaya, irin allurar shawara da ake yi wa maniyyata aikin Hajji, sai da shawarar likitansa. Na kwalara da ake ɗigawa a baki lokacin annoba matacciyar ƙwaya ce, ana iya karɓa.

Bayan an gama maganin ƙwayar cuta, a koma wurin likitan hanji ko da an ji sauƙi, da littafin da takardar sakamakon gwajin. A duba yawan jini, domin kashin jini na makonni yana ƙarar da shi, mace mai shayarwa ko mai ciki ta fi shiga haɗari. Idan jini bai tsaya ba bayan an kashe ƙwayar, a lokacin ne likita zai duba ko tsohon ciwon ne ya farka, wataƙila ya leƙa hanjin da na'ura mai kyamara kafin ya ƙara magani. Wanda aka yi wa maganin C. diff kuwa, in zawo ya dawo cikin wata biyu, a koma a sake gwaji a faɗa musu ya taɓa yi, domin tana yawan dawowa, kuma tsarin maganin karo na biyu yakan bambanta da na farko.